Buhunan Kurmin Sahura

Dakta Muttaka ya yi shekara ashirin da biyu yana nazarin halittun da babu wanda ya taɓa tambayarsa lafiyarsu. A jami'a, ɗalibai kan ɗauki darasinsa ne idan sauran azuzuwa sun cika. A garinsu, Tungar Makau, can gefen hanyar Bukkuyum zuwa Gummi, an daɗe da yanke shawara cewa likita ne, amma irin wanda ba a kai masa mara lafiya.

Halittun dangin kaska ne, masu ƙafa takwas, sai dai yawancinsu ba su da sha'awar jinin kowa. Ba su kai kan allura ba. Suna zaune cikin ruɓaɓɓen ganyen da ya taru ƙarƙashin itatuwa, suna cinsa a hankali suna mayar da shi ƙasa. Da Hausa bai san musu suna ba. Babbansu kaɗai mutane suka sani, jan nan mai laushi kamar karammiski da yake fitowa bayan ruwan farko, yara su riƙa ɗora shi a tafin hannu. Muttaka yana ce musu kaskar ganye, don dole a ce musu wani abu.

Bayan gari akwai Kurmin Sahura, ko abin da ya rage daga gare shi. Taku hamsin sun isa a ratsa shi. Wani rafi ne yake kwanciya a wurin ya huta, itatuwa masu faffaɗan ganye suka kewaye shi: maɗaci, kanya, ɗinya, da wani tsohon gamji. Idan ka shiga da rana tsaka, hasken kore ne, kamar ka nutsa a tafki ka buɗe ido. Sauti yakan yi nauyi. Ƙafa ba ta taka ƙasa, ganye take takawa, na bana a sama, na bara a ƙarƙashinsa, sannan wani baƙin gari mai sanyi wanda ya manta shekarar da ya faɗo. A cikin wannan shimfiɗa Muttaka ya ƙirga iri ɗari da goma sha ɗaya na kaskar ganye. Bakwai daga ciki bai same su a kowane littafi ba.

A ƙarshen daminar bana wasu baƙi masu aikin zinariya suka zo wurin Maigari Halilu. Kurmin suke so, saboda ruwansa yana kaiwa rani. Za su sare itatuwan, su kafa injin niƙa dutse, su haƙa ramukan wanki. Maigari ya ce zai ba su amsa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Muttaka ya yi shekara uku yana rubuta wa wata gidauniyar kare daji wasiƙu, kuma a makon nan ne suka ga dama. Za su aiko jami'arsu ranar Alhamis ta ɗebi samfuri da hannunta. Idan abin da ya rubuta gaskiya ne, za su sa kurmin a rajistarsu, su ba da takarda.

"Kawo mani takardar mai hatimi, Dakta," in ji Maigari. "Su waɗancan suna da inji, kai kana da ƙwari. In na hana su, sai in nuna ma mutane dalili."

"Ranka shi daɗe, za ta zo."

"Allah shi kawo ta kafin Juma'a."

Ranar Litinin da hantsi Muttaka yana durƙushe a gindin ɗinya. Ya sa safar hannu saboda kunama. Yana ɗibar ganye da ƙasa da ƙaramin cokali yana zubawa a leda, ya ɗaure, ya rubuta lamba. Ledoji goma sha biyu suna jere a gefensa lokacin da Sanda ya shigo kurmin da lauje a kafaɗa.

Sanda taubashinsa ne, ɗan Goggo Atine, ƙanwar mahaifin Muttaka. Tun suna yara babu wanda ya taɓa gaya wa ɗan'uwansa magana mai daɗi, kuma a haka suke shiri.

"Likitan ƙwari, mi kaka nema ƙasa? Ko haƙorinka ya faɗi?"

"Hankalinka nika nema. An ce nan ka yar da shi."

Sanda ya buɗe baki zai rama, sai idonsa ya sauka kan ledojin. Ya dubi lambobin. Ya dubi safar hannun. Ya sauke laujen a hankali.

A shekarar 2010 Sanda yana zaune a Yargalma da iyalinsa. A lokacin ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurarsa tana kwanciya a tsakar gida inda yara suke rarrafe, kuma a cikin ƙurar akwai dalma. Ya rufe 'ya'yansa mata biyu, Dija da Aishatu, kwana tara tsakani. Daga baya wasu mutane suka zo da safar hannu da ledoji masu lamba, suka auna ƙasa, suka ce guba ce. Sanda yana cikin waɗanda aka ɗauka aikin kankare ƙasar gidaje. Da aka gama ya kwashe sauran iyalinsa ya dawo Tunga. Tun daga nan sunan wannan abu bai ƙara fita daga bakinsa ba. Muttaka ya san duk wannan. Ya zo ta'aziyya a lokacin, har ya kwana uku. Amma mutumin da yake kallon abin da bai kai kan allura ba yakan rasa ganin abin da ya kai girman mutum.

"Akwai wani abu cikin ƙasag ga?" Sanda ya tambaya.

"Cike take."

"Ana gani da ido?"

"Da ana gani da ido, da ban tsufa makaranta ba. Sai da na'ura."

"Har ina yak kai?"

"Sama-sama na. Bai wuce tsawon yatsa ba. In ka wuce nan, kusan babu komi."

"Duk kurmin?"

"Ko'ina. Amma ya fi yawa nan gindin ɗinya."

Sanda ya dubi ƙwallayen ɗinyar da yaran gari suka tsotse suka zubar a wurin. Ya daɗe yana dubansu.

"Masu zuwa Alhamis, awo za su yi?"

"Awo. In sun samu yadda nika tsammani, za a killace wurin, a hana kowa taɓawa."

Sanda ya gyaɗa kai, ya ɗauki laujensa, ya fita bai yi ko zagin bankwana ba. Muttaka ya ci gaba da aiki cikin farin ciki. Karo na farko kenan da wani ɗan garinsu ya yi masa tambayoyi masu ma'ana.

Ranar Talata bayan azahar ya hau babur zuwa Gummi. Akwai kwalabe da sinadarin ajiye ƙwari da zai saya, kuma a can zai tarbi baƙuwar, tunda hanyar Tunga ta zama irin wadda ake bi da rana, da addu'a, da wanda ya san ta. Ya yi Laraba a wani masauki yana jiranta. Bayan la'asar ya kwanta ƙarƙashin fanka mai juyawa kamar an tilasta mata, ya lumshe ido, kaskar ganyen suka fara wucewa ta gabansa yadda yake ganinsu a madubin na'ura.

Ga masu ƙoƙon baya mai sheƙi, kamar kunkurun da aka shafa wa man gyaɗa. Ga masu fukafukai biyu a gefe da ba su taɓa tashi da su ba, sai dai su rufe ƙafafunsu idan sun tsorata. Ga wata da ba ta yar da tsohuwar fatarta idan ta saɓa, sai ta ɗora ta a baya, ta ɗora wata a kai, tana tafe kamar mai tallar faifai. Ga wadda take naɗewa ta koma ƙwallo in an taɓa ta, babu ƙofa babu taga. Ga dogaye masu sauri, mafarauta, suna ratsa tsakaninsu babu sallama. Dukansu suna tafiya a kan ganye guda na gamji, wanda a wurinsu ƙasa ce mai kogi da tudu, wadda jika zai mutu bai ga iyakarta ba. Ya ga jerin ya miƙe har ƙofar Maigari, iri ɗari da goma sha ɗaya, kowace ta durƙusa ta yi gaisuwa. Ya farka yana murmushi, abin da ba ya yi a gaban mutane.

Jami'ar gidauniyar, Hajiya Fauziyya, ta iso da safiyar Alhamis, mace mai tabarau da takalmin roba da jakar da ta fi ta faɗi. Ta karanta rahotonsa duka, har da shafukan ƙarshe, abin da ya sa Muttaka ya ji kunya kamar an leƙa ɗakinsa. Suka isa Tunga da hantsi.

Garin shiru yake, irin shirun gajiya. Lokacin girbi ne, amma ga maza zaune a inuwa suna duban tafin hannunsu. Goggo Atine ta tare su a ƙofar gida da ƙwaryar fura. Ta gaida baƙuwa, sannan ta kama hannun Muttaka.

"An gama, ɗana. Kada ka sa ma ranka damuwa. Allah shi yi maka albarka da kag gani da wuri."

"An gama mi, Goggo?"

"Sha furarka."

Bai sha ba. Ya wuce gaba, Hajiya Fauziyya tana biye da jakarta.

Daga nesa kurmin yana nan yadda yake. Sai da suka shiga ƙafarsa ta gaya masa, don ta taka ƙasa mai tauri. Babu ganye ko ɗaya. Daga gindin maɗaci har bakin rafi an kankare wurin tas, ja wur, ga sawun fartanya a jere kamar an taje kai. Saiwoyin gamji sun fito fili suna kwance kamar jijiyoyin hannun tsoho. Ko harabar masallaci ranar Idi ba ta kai wurin tsabta ba. Hasken nan kore yana sauka kamar kullum, sai dai ya rasa abin da zai sauka a kai.

Hajiya Fauziyya ta gyara tabarau.

"Dakta, a nan ne? A rahotonka ka ce ganye yana kaiwa idon sawu."

"A nan ne, Hajiya. Ranar Litinin yana kaiwa."

Ya zauna a kan saiwar gamji.

Sanda ya fito daga bayan kanya, ya ɗaure hanci da baki da ƙyalle. Ya gaida Hajiya da ladabi, sannan ya tsaya kamar mai ba da rahoto.

"Mutum sittin da huɗu. Yini guda da rabi. Mun bar gero tsaye gona. Tsawon yatsa kac ce, mun ƙara rabin yatsa don kada a bar saura. Yara kuma an hana su shigowa tun Litinin."

"Sanda," in ji Muttaka, "mi kunka kankare?"

"Abin da kac ce ido bai gani." Sanda ya juya wurin Hajiya. "Waccan shekara jira munka yi, Hajiya. Ana awo, ana kai sakamako, ana dawowa, mu kuma muna zuwa maƙabarta. Wannan karon nic ce ba mu jiran kowa. Na san aikin. Ni na yi shi da hannuna."

Muttaka yana da tarin maganganu masu kaifi da ya shekara yana wasawa a kan shugabannin sashe da ɗaliban da ba su karatu. Ya duba cikinsu bai sami wadda za a gaya wa mutumin nan ba. Ya ji tambayoyin Litinin suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, da amsoshinsa, kowace gaskiya ce tsantsa.

"Kun ƙone?" ya tambaya da ƙaramar murya.

Sanda ya sauke ƙyallen daga fuskarsa, ransa a ɓace.

"Ƙonewa? An ce maka irin aikinku na jami'a mukai? Ba a ƙonewa, ba a watsawa. Buhu aka sawa, a ɗaure, a rubuta inda anka ɗebo. A aje inuwa, a yayyafa ruwa kada ƙura ta tashi, har masu awo su zo su faɗi inda za a rufe."

"Suna ina?"

Suna bayan kurmin, a ƙarƙashin inuwar maɗatai biyu, an jera su sahu-sahu an rufe da jiƙaƙƙiyar zana. Buhunan girbin gari ne gaba ɗaya, waɗanda kowane gida ya tanada don gero da dawa, ɗari biyar da goma sha biyu. A jikin kowanne akwai rubutun ajami da gawayi, da hannun Sanda. Gindin ɗinya, gabas. Gindin gamji, wajen rafi. Tsakanin kanya da maɗaci. Muttaka ya taɓa aiki da furofesoshin da ba su kai haka kula da lakabi ba.

Ya aika aka karɓo farin farantin Goggo Atine. Ya kwance buhu guda na gindin ɗinya, ya cusa hannu babu safa. Da sanyi a ciki, da ƙamshin nan na bayan ruwa. Ya ɗebo tafi guda, ya tankaɗe a rariya a kan farantin, ya ajiye shi inda rana ta ratso, rabi a haske rabi a inuwa. Suka tsuguna su uku.

Da farko gari ne kawai, baƙi a kan fari. Can sai wani ɗigo ya motsa. Wani ya bi shi. Kafin a jima farantin duka yana tafiya a hankali, ɗigo-ɗigo suna barin rana suna neman inuwa, kamar garin da ya tashi ƙaura ana kallonsa daga saman dutse.

Muttaka ya ɗora farantin ƙarƙashin ƙaramar na'urarsa ta tafiya, ya daidaita madubin, ya matsa gefe.

"Zo ka ga gubarka."

Sanda ya rufe ido guda ya kafa ɗayan. Ya ja baya da sauri, ya dubi farantin da ido, ya sake komawa. Wannan karon ya daɗe. Iska ta motsa ganyen maɗaci a sama, inuwa ta yi rawa a bayan rigarsa, shi bai motsa ba.

"Wagga tana ɗauke da kaya," ya ce, bai ɗago ba.

"Tsoffin rigunanta na. Ba ta yarwa."

"Irin Inna. Shi na abin? Wanda kac ce cike take?"

"Shi na."

"Ba ya taɓa yara?"

"Ganye yaka ci. Shi ka mai da ganye ƙasa, ƙasa ta ciyar da itace. Inda ƙasa tal lalace ba ka samun su iri-iri haka."

Sanda ya ɗago. Ya dubi sahun buhunan har ƙarshensu, ya dubi tafin hannunsa da suka yi bororo.

"To don Allah mi ya hana ka ce ƙwari?"

"Na yi shekara ashirin da biyu ina cewa ƙwari. Dariya kukai."

"Sai ka bari mu yi dariyar, ɗan banza. Da yanzu gerona na rumbu."

Ya faɗa yana dariya, amma ya juya baya ya daɗe yana gyara bakin buhun da babu abin da ya same shi. Da ya juyo ya sake neman madubin.

"Mai kayan nan, mi sunanta?"

"Ba ta da suna tukuna. Babu wanda ya taɓa rubuta ta."

"Duk shekarun ga tana nan bayan gari, ba a yanka mata ko zakara ba."

Hajiya Fauziyya ma ta duba, ta daɗe fiye da yadda aiki ya buƙata. Sannan ta rufe littafinta.

"Dakta, na yarda da kai. Amma ƙa'idarmu ta ce in ɗebi samfuri daga ƙasar da ba a taɓa ba. Wannan an taɓa ta," ta dubi buhunan, "sosai. Zan ɗiba daga buhunan in rubuta abin da na gani. Takarda kuwa sai na dawo baɗi, in sun zauna."

"Baɗi injin niƙa za ki tarar, Hajiya. Sai ki ɗebi samfurinsa."

"Na sani. Ka yi haƙuri."

Wato ita ma tana da nata Maigarin. Muttaka bai yi gardama ba. Ya sa hannu cikin wani buhu na tsakiyar sahu, ya ji ya fara ɗumi.

"Zuwa gobe da rana za su dahu a ciki," ya ce, ba da kowa yake ba.

"Su dahu?" in ji Sanda. "Bayan mun ɗauko su daga gidajensu?"

Ya ɗauki buhun gindin ɗinya ya saɓa a kafaɗa.

Muttaka bai ji abin da Sanda ya gaya wa mutanen gari ba. An dai ji dariya daga wajen masallaci, doguwa, irin ta mutanen da suka kwana biyu da tsoro a ciki. An ji Goggo Atine tana cewa ita tun yana yaro ta san yaron nan ba ya iya bayani, in an aike shi sayen gishiri sai ya faɗi tarihin teku. Bayan azahar suka fito, sittin da huɗun nan da wasu ƙari. Sanda yana karanta rubutun gawayi yana nuna wuri, maza suna ɗauka, mata suna bazawa da hannu. Muttaka yana bi yana roƙon a sa baƙin garin a ƙasa, ganyen a sama. Hajiya Fauziyya ta cire mayafinta ta ɗaure a ƙugu. Maigari Halilu da kansa ya zo, ya ɗauki rabin buhu, don jikokinsa ma suna shan ɗinyar nan kuma ranar Laraba da fartanyarsa aka yi kankara. Magariba ta tsayar da su saura buhu ɗari da wani abu. Da sassafen Juma'a aka ƙarasa.

Bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar Maigari. Shugaban masu zinariya, wani mai suna Zayyad, ya zo da mutum biyu, cikin fara'a da ladabi. Muttaka ya zauna a gefe, hannu babu komai.

"Dakta, takarda?" in ji Maigari.

"Ranka shi daɗe, babu. Sai baɗi."

"To." Maigari ya juya. "Malam Zayyad, injin naku, dutse shika niƙawa?"

"Dutse, ranka ya daɗe. Amma a can bayan gari, ba a cikin gidaje ba. Yanzu an waye."

"Ƙura fa?"

"Kaɗan ce."

Sanda ya yi gyaran murya daga bayan taro. Ba a san shi da magana a ƙofar Maigari ba.

"Ranka shi daɗe, wanga mako mun kankare ƙasar da ba ta da komi. Wahala munka sha, anka yi muna dariya, shi kenan. In anka kafa inji, wata rana za mu sake kankare ta. Ranan babu mai dariya, kuma ba a mai da ita."

Mutane suna duban hannuwansu.

Maigari ya buɗe nasa tafin ya nuna wa Zayyad.

"Na ce ma Dakta shi kawo takarda don in nuna ma mutane dalili. To ga mutanen, kowa da dalilinsa a hannu. Ƙasar da munka ɗauka a kai sau biyu cikin mako guda, ban iya ba wani ita shi wanke. Ku yi haƙuri, ku nemi wani wuri. Allah shi ba ku sa'a."

Zayyad ya ɗan ja magana, ya ga babu fuska, suka yi sallama. Aka shafa fatiha.

Muttaka ya lura cewa a duk zaman babu wanda ya ambaci iri ɗari da goma sha ɗaya. Ya ji abin ya ɗan sosa masa rai, ya kuma lura cewa ransa ya yi sauƙi fiye da yadda ya yi a shekara uku.

Da la'asar ya koma kurmin. Ƙafa ta sake nutsewa, ko da yake shimfiɗar ta yi tudu a nan, kwari a can, kamar gadon da baƙo ya gyara. Hasken kore ya sami wurin sauka. Wani ganyen gamji ya saki reshe, ya daɗe yana lilo a iska kafin ya kwanta a kan 'yan'uwansa.

Sanda yana tsugune a gindin ɗinya da butar ruwa, yana yayyafawa da yatsu.

"Ba ka tahi gona ba?" in ji Muttaka.

"Gero ya jira kwana huɗu, shi ƙara yini." Ya ɗaga wani ganye da ɗan yatsa, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya mayar a hankali. "Likitan ƙwari, kana ganin sun gane gida?"

"Sai baɗi za a sani."

"Ara mani madubin hannun nan naka kafin baɗin."

Muttaka ya ciro ɗan madubinsa mai ƙara girman abu daga aljihu ya miƙa masa. Sanda ya goge shi da bakin riga, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa ganye.